ƘWAYA A JIKIN YARINYA: WA ZA A KAMA DA LAIFI?

Idan ka ce wa mutumin 'Yargoje ko na Faskari ko na Sabuwa "ƙanƙara", ɗayan abu biyu zai faɗo masa a rai: ko dai garin Ƙanƙara, hedkwatar ƙaramar hukuma, ko kuwa irin wadda kan zubo tare da ruwan sama ta yayyage wa manomi ganyen masara. To, amma akwai ƙasashen da ƙanƙara filin wasa ce a wurinsu. Sukan daskarar da ruwa a cikin wani makeken zaure har ya zama daɓe mai santsi kamar madubi, sa'an nan ɗan wasa ya sanya takalmi mai siririn ƙarfe a ƙarƙashinsa, ya shiga yana zamiya, yana rausaya, yana daka tsalle yana juyawa a sama, kiɗa na tashi, alƙalai na zaune suna ba da maki. Wannan shi ne wasan zamiya a kan ƙanƙara, kuma yana cikin wasannin da aka fi kallo a Olamfik na lokacin hunturu.

Mai karatu na iya cewa, ina ruwan biri da gada? Ruwanmu shi ne, a cikin wannan wasa ne aka yi wata shari'a ta kusan shekara biyu a kan wata yarinya 'yar shekara 15, kuma dokar da aka hukunta ta da ita, ita ce dai dokar da ke kan kowane ɗan Nijeriya da ya fita wasa da sunan ƙasarsa. Dokar nan kuwa ta riga ta ci namu, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

ABIN DA YA FARU A BEIJIN

Sunan yarinyar Kamila Valieva, 'yar ƙasar Rasha, an haife ta a birnin Kazan cikin watan Afrilu na shekarar 2006. Ran 25 ga Disamba 2021, lokacin gasar ƙasarsu a birnin Sant Fitasbag, jami'ai suka ɗebi fitsarinta kamar yadda aka saba yi wa 'yan wasa, aka aika da shi ɗakin bincike da ke Stockholm, a ƙasar Suwidin. Bisa ƙa'ida, cikin kwana 20 ya kamata a sami sakamako. Aka yi sama da kwana 40 shiru. Masu ɗakin binciken sun ce annobar korona ce ta rage musu ma'aikata, hukumar duniya kuma ta ce Rashawa ba su nuna cewa aikin na gaggawa ne ba.

Ana cikin wannan jira aka buɗe Wasannin Olamfik a Beijin, babban birnin ƙasar Sin. A gasar ƙungiya-ƙungiya, inda ake haɗa makin 'yan wasan kowace ƙasa, Kamila ta zo ta ɗaya a fitowarta duka biyu, har ta zama mace ta farko da ta yi juyi huɗu a sama kafin ta dira a tarihin Olamfik. Ran 7 ga Fabrairu 2022 aka kammala: Rasha maki 74, Amurka 65, Japan 63, Kanada 53. A ranar ce kuma sakamakon Stockholm ya fito, ya nuna akwai wani magani mai suna tirimetazidin a jikinta. Washegari aka ɗage bikin ba da lambobi.

Shi wannan magani na masu ciwon zuciya ne. Aikinsa shi ne ya sa zuciya ta yi aiki da iska kaɗan, ta hanyar karkata ta ga ƙona sukari maimakon kitse. Don haka ne tun 2014 aka hana 'yan wasa shan sa, domin ana ganin zai iya ƙara wa mai lafiya juriya.

Hukumar Rasha ta dakatar da yarinyar, kwana ɗaya tak ta janye dakatarwar. Aka garzaya Kotun Wasanni ta Duniya, wadda mazauninta ke Lausanne a Suwizalan, amma takan tura alƙalai duk inda ake Olamfik. Ran 14 ga Fabrairu kotun ta ce a bar ta ta shiga gasar mata, saboda ba ta kai shekara 16 ba, watau tana cikin waɗanda doka ta ce a ba su kariya, kuma jinkirin sakamakon ba laifinta ba ne. Ta shiga, ta zo kan gaba a zagayen farko. Ran 17 ga wata kuwa, duniya na kallo, ta yi ta tuntuɓe tana faɗuwa, ta ƙare a ta huɗu, ta fito tana kuka. Mai horar da ita, Eteri Tutberidze, ta tarye ta da tuhumar me ya sa ta saki jiki. Shugaban Kwamitin Olamfik na lokacin, Thomas Bach, ya fito ya ce irin tarbar da ya ga an yi wa yarinyar ta tayar masa da hankali.

SHARI'A DA HUKUNCI

Lauyoyinta sun ce maganin na kakanta ne, kuma ya shiga jikinta bisa kuskure. Daga bisani aka ce ta wani abin zaƙi ne da kakan ya haɗa mata a kan katakon da yakan niƙa ƙwayoyinsa. A Janairu 2023 kwamitin ladabtarwa na Rasha ya ce ba ta da laifi ko sakaci. Hukumar Yaƙi da Shan Ƙwayoyi a Wasanni ta Duniya, wadda ake kira WADA, da hukumar wasan zamiya ta duniya, suka ɗaukaka ƙara.

Ran 29 ga Janairu 2024 kotun ta yanke hukunci. Ta ce labarin kaka bai sami shaidar da za ta tsayar da shi ba. Ta hana Kamila wasa na shekara huɗu daga ranar da aka ɗebi fitsarin, ta kuma soke duk nasarorin da ta samu tun daga ranar. Wa'adin ya cika a ƙarshen Disamba 2025. Da aka cire makinta 20, Amurka ta koma ta ɗaya, Japan ta biyu, Rasha ta uku da maki 54, Kanada na biye da 53. Kanada ta yi ƙara cewa kamata ya yi a ƙara wa waɗanda suka zo bayan yarinyar maki, amma kotu ba ta karɓa ba. Sai ran 7 ga Agusta 2024, a birnin Faris, shekara biyu da rabi cif bayan gasar, aka rataya wa 'yan Amurka da 'yan Japan lambobinsu.

Akwai wani abu a cikin takardun shari'ar da ya kamata mai karatu ya riƙe. An nuna cewa tsakanin 2020 da 2021, lokacin tana 'yar shekara 13 zuwa 15, an ba yarinyar nan magunguna da abubuwan gina jiki har iri fiye da 50. Ba haramtattu ba ne. Amma yarinyar da ba ta isa ta sa hannu a takardar asibiti ba, wa ke zaɓar mata abin da za ta haɗiya? Hukuncin kotu a kanta ita kaɗai ya sauka, bai taɓa mai horarwa ba, bai taɓa likita ba. WADA kanta ta ce ba wa yara ƙwaya laifi ne da ba shi da gafara, ta kuma roƙi gwamnatoci su mai da shi laifin da kotun ƙasa za ta hukunta.

Abu ɗaya dai ya sake. A watan Yuni 2022 hukumar wasan zamiya ta zauna a ƙasar Tailan ta ɗaga shekarun shiga gasar manya daga 15 zuwa 17, daki-daki, har ƙa'idar ta cika daga kakar wasa ta 2024.

YADDA DOKAR TAKE

An kafa WADA a 1999, bayan tonon asirin da aka yi a tseren kekuna na Faransa a 1998, kuma kundin dokokinta ya fara aiki a 2004. Ginshiƙin kundin ƙa'ida ce guda: duk abin da aka samu a jikin ɗan wasa, shi ke da alhakinsa. Ba sai an tabbatar da cewa ya yi niyya ba. Niyya ko rashinta na iya rage tsawon hukunci ko ta ƙara shi, amma nasarar da aka samu da ƙwaya a jiki soke ta ake yi. In ɗan wasa ya ce kuskure ne, shi zai kawo shaidar yadda abin ya shiga jikinsa.

Hujjar masu dokar ita ce, in aka buɗe ƙofar "ban sani ba", kowa ta nan zai fita, kuma wanda ya zo na biyu da guminsa shi aka cuta. Rasha ma misali ce a nan, domin a Beijin ba da sunan ƙasarsu ko tutarsu 'yan wasanta suka fito ba, da sunan kwamitinsu na Olamfik suka fito, sakamakon maguɗin gwaji da aka bankaɗo tun daga wasannin Sochi na 2014. Hujjar tana da ƙarfi. Sai dai dokar da aka yanka wa balagagge mai iko da kansa, in aka ɗora ta a kan yaro, takan zama kamar an kama jaki an bar mai kaya. A Sidni cikin 2000, wata 'yar Romaniya mai shekara 16, Andreea Raducan, ta rasa zinariyarta ta wasan alkafura saboda maganin mura da likitan ƙungiyarsu ya ba ta da hannunsa. Kundin ya ce duk lokacin da aka sami ƙwaya a jikin yaro, tilas a binciki manyan da ke kewaye da shi, kuma wanda aka tabbatar ya ba yaro manyan haramtattun ƙwayoyi za a kore shi daga harkar wasanni har iyakar rayuwarsa. Rubutawa daban, kamawa daban.

NAMU NA GIDA

Shekara takwas kafin Kamila, Nijeriya ta ga irin wannan rana. A Wasannin Ƙasashe Renon Ingila da aka yi a birnin Glasgow cikin 2014, wata yarinya 'yar shekara 16, Chika Amalaha, ta ci zinariya a ɗaga nauyi na ajin kilo 53. Murna ba ta yi mako guda ba aka ce an sami magunguna biyu a fitsarinta, amilorid da haidirokulorotiyazid. Aka karɓe lambar aka ba Dika Toua ta ƙasar Papua Niyu Gini. Waɗannan magunguna biyu masu sa fitsari ne, kuma su ne dai ake haɗawa a ƙwaya guda ta hawan jini, irin wadda iyayenmu da kakanninmu ke sha a gidajenmu. An hana su a wasanni domin suna rage nauyi da sauri kafin a hau sikeli, suna kuma tsarma fitsari har ya ɓoye wata ƙwayar. Sunan Chika ne ya zaga duniya. Mutum nawa ne za su iya faɗin sunan babba ko ɗaya daga cikin waɗanda ke kula da ita a Glasgow?

A Tokiyo kuwa, cikin Yuli 2021, abin da ya faru ya fi shafar ma'aikatan ofis. Hukumar guje-guje ta duniya ta sa Nijeriya a rukunin ƙasashen da aka fi sa wa ido. Ƙa'idar rukunin ita ce, kowane ɗan wasa sai an yi masa gwajin ba-zata sau uku cikin wata 10 kafin babbar gasa, da tazarar aƙalla mako uku tsakanin gwaji da gwaji. Ran 28 ga Yuli aka fitar da sanarwar cewa 'yan wasa 20 na ƙasashe daban-daban ba su cika wannan ƙa'ida ba. Goma daga cikinsu 'yan Nijeriya ne. Ba wanda aka samu da ƙwaya a jikinsa a cikin goman nan. Gwajin ne waɗanda ke da alhakin shiryawa ba su shirya ba. Sun isa Tokiyo, sun shiga masauki, sa'an nan aka ce musu ba za su taka fili ba, har suka fito kan titi ɗauke da kwalaye suna zanga-zanga. Ɗaya daga cikinsu, Annette Echikunwoke mai jifan guduma, ta koma ta wakilci Amurka, ta kuma ci mata azurfa a Faris cikin 2024.

A wasannin na Tokiyo ne aka dakatar da Blessing Okagbare bayan ta yi gudun farko na mita 100. A 2022 aka hana ta wasa na shekara 10, daga baya aka ƙara mata ɗaya. Ita babba ce, ba ta da uzurin ƙuruciya. Amma a duba: mutumin da ya samar mata da ƙwayoyin, wani Ba'amurke mai suna Eric Lira, ya amsa laifinsa a kotun Amurka, aka ɗaure shi wata uku a 2024. Haka nan a Birmingham cikin 2022, matan Nijeriya huɗu sun ci zinariya a gudun miƙa sanda na mita 100 sau huɗu, aka sami ƙwaya a jikin ɗaya, dukansu suka rasa lambar, ta koma hannun Ingila.

Don kada a ce dokar cutarmu kawai take yi, sai a tuna da Sidni. A 2000 mazan Nijeriya sun zo na biyu a gudun miƙa sanda na mita 400 sau huɗu, bayan Amurka. A 2008 ɗaya daga cikin Amurkawan, Antonio Pettigrew, ya amsa cewa yana shan ƙwaya. A 2012 aka tabbatar wa Nijeriya da zinariya. Sunday Bada, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi gudun, ya rasu a Disamba 2011, bai ga ranar ba.

FILIN DAMBE DA KANTIN MAGANI

Yanzu mu dawo gida. Wasanmu na asali a ƙasar Katsina da Kano da Sakkwato, har zuwa Maraɗi, shi ne dambe da kokawa da langa, waɗanda akan yi da kaka in an kawar da amfanin gona. Kowa ya san ɗan dambe da ɗan kokawa ba sa rabuwa da shiri: laya, da guru, da tsaga a hannu, da abin sha daga wajen ubangida ko mai magani. Yaro kuma tun yana ƙarami yake bin ubangidansa, abin da aka miƙa masa shi zai sha, tambaya ma rashin ladabi ce. A nan halinsa da na Kamila ɗaya ne.

Na'urar bincike ba ta ganin laya. Abin da ke cikin jini da fitsari take gani. Haɗin da ake sayarwa a kwalba a tasha ko a kasuwar ƙauye, wanda ya sha ba zai iya rantsuwa a kan abin da ke ciki ba. Ga kuma taramol. Binciken da Gwamnatin Tarayya ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda, kuma miliyan 4.6 daga cikinsu magungunan kashe zafi irin su taramol suka sha ba da izinin likita ba. Matasa na shan sa don noma, don dako, don achaɓa, wasu kuma don kada su ji zafin naushi. Daga ran 1 ga Janairu 2024, WADA ta sa taramol cikin magungunan da aka hana lokacin gasa.

Ma'anar wannan ita ce, saurayin da ya taso a 'Yargoje ko a Ƙanƙara, ya yi fice a gudu ko ƙwallo ko kokawa, ya wakilci makarantarsa, ya taka filin wasa na Muhammadu Dikko a Katsina, har aka zaɓe shi zuwa gasar ƙasa, ƙwaya ɗaya da wani ya ba shi don ciwon baya tana iya rushe masa aikin shekara goma. Ba kuma za a saurari cewa mai kemis ne ya ba shi ba. Tun kafin maganar hukunci ma, wanda ya kashe zafin jikinsa ya shiga turmin dambe ya toshe ƙararrawar da Allah ya sa masa, domin zafi ne ke gaya wa mutum cewa ƙashi ya tsage ko kai ya bugu.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Na farko, ga ma'aikatan hukumomin wasanni na jihohi da na tarayya. Abin da ya faru a Tokiyo aikin kalanda ne da takarda. Jerin magungunan da aka hana yana fitowa sabo kowace shekara, ya fara aiki ran 1 ga Janairu. Ya kamata a fassara shi da Hausa, da sunayen da ake kiran magungunan a kemis, a raba wa malaman wasanni na makarantu da sarakunan dambe da shugabannin ƙungiyoyin ƙwallo. Jami'in da sakacinsa ya hana ɗan wasa shiga gasa kuwa, ya kamata a san sunansa kamar yadda ake sanin sunan ɗan wasan da aka kama.

Na biyu, ga ɗalibai. Duk maganin da za ka sha, ka san sunansa, ka rubuta ranar, ka ajiye kwalinsa. In kana da ciwo irin su asma ko ciwon sukari, doka ta tanadi takardar izini ta musamman da likita zai nema maka tun kafin gasa. Kada ka sha maganin wani, ko da na mahaifinka ne. Kada ka karɓi ƙwayar da aka ɓare daga takardarta.

Na uku, ga iyaye. Wanda ya damƙa ɗansa ga mai horarwa ko ubangidan dambe yana da haƙƙin ya tambayi abin da ake ba yaron. Mai gaskiya ba zai ji haushin tambayar ba.

Na huɗu, ga 'yan majalisa. Babban da ya ba yaro ƙwaya don ya ci gasa ya cuci lafiyar yaron, ya cuci sunansa, ya cuci abokan karawarsa. Ya dace dokokin kare yara na jihohinmu su ambaci wannan laifi da sunansa, su yanka masa hukuncin da ya fi kora daga aiki.

Hausawa na cewa in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu namu ya riga ya babbake sau da dama. Hukuncin Kamila Valieva ya shafe mata shekara huɗu, daga 15 zuwa 19, watau shekarun da 'yar wasan zamiya ta fi ganiyarta. Chika Amalaha ta rasa zinariyarta tana da 16. Kafin a sake sa wa wani yaronmu rigar kore da fari, wajibi ne a san wanda ke riƙe da jakar magani, a rubuta sunansa, a kuma gaya masa tun da wuri cewa in an sami wani abu a jikin yaron, shi za a fara kira.